Ƙara Biyu a Gaban Alƙaliya Ɗaya

Ranar Lahadi ce, suna cin abincin rana a kicin ɗinsa, Wilf Fearon ya gaya wa 'yarsa Yvonne cewa kotu ta sa masa ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Ya faɗa ne yana murmushi, yana kwarara romo a kan dankalinsa, sai ka ce biki aka gayyace shi. Yvonne ta ajiye cokali. Ita ma ranar Alhamis ɗin aka sa mata, ƙarfe sha biyu, a wannan kotun. Kowa a garin ya san tun da aka rufe ɗakin shari'a na sama saboda yoyon rufi, alƙali ɗaya ne ke zama a rana, shi ke jin rigimar gidan haya, shi ke jin ta iyali.

Kusan shekara biyu ke nan Yvonne ba ta sa 'yarta Tilda a ido ba. Bayan aurenta da Duncan Nattrass ya mutu, yarinyar takan yi mako a wajen uwa, mako a wajen uba, ba wata rigima. Sai ciwon damuwa ya kwantar da Yvonne har ta yi 'yan makonni a asibiti, Duncan ya ce zai riƙe yarinyar kafin ta samu sauƙi. Ta warke, ta koma tuƙin bas ɗinta, amma kafin nan ya sake aure ya koma wani gari, ya kuma yanke wa kansa cewa ganin uwar yana tayar wa Tilda da hankali. Da farko uzuri yake kawowa, daga baya ya daina ɗaukar waya. Ta shigar da ƙara ita kaɗai, don ba ta da halin ɗaukar lauya. Tun daga nan ake ta ɗage mata zama. Yau a ce babu alƙali, gobe a ce an kawo maganar gaggawa ta wasu yara wadda dole a fara da ita. Akwai ranar da sai da ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta sa kayanta masu kyau, ta isa bakin kotu, sannan aka gaya mata. Tilda na 'yar shekara tara aka fara wannan zirga-zirga. Yanzu ta kusa gama firamare.

Shi kuwa Wilf tsohon mai walda ne a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, kuma har ya yi ritaya bai taɓa taka kotu ba ko da shaida. Suna da ɗan lambu shi da matarsa Doreen a filin da hukumar gari ke yanka wa mutane haya a bayan tashar jirgin ƙasa. A nan suka yi rabin rayuwarsu suna noman dankali da kabeji, kuma da ta rasu, a gindin itacen tuffar da ta shuka da hannunta ya zuba tokar gawarta bayan an ƙone ta, kamar yadda ta roƙa. Ba a daɗe ba hukumar ta karɓe filin, ta shimfiɗa kwalta, ya zama wurin ajiye motoci. Wilf ya kai ƙara, aka kore ta ba tare da an duba abin da ke cikinta ba, wai ya makara da 'yan kwanaki a kan wa'adin da doka ta sa. Wannan kalma ta makara ita ta shiga ransa ta ƙi fita. Ya ɗaukaka ƙara, ya faɗi. Ya kai ƙarar ɗan kwangila, ya kai ta shugaban kwamitin filaye, ya kai ta lauyan da ya fara ba shi shawara, har da ta wani magatakarda da ya ce ya ɓatar masa da takarda. Ɗakin ɗinkin Doreen ya cika da fayil har ba wurin sa ƙafa. Yanzu hukumar ta gaji, ta roƙi kotu ta hana shi sake shigar da wata ƙara a kan maganar sai da izinin alƙali. Abin da za a saurara ranar Alhamis ke nan.

Yvonne ta tambaye shi lokaci nawa aka ware masa. Ya ce awa ɗaya, ya yi dariya, ya ce su ma sun san wasa suke yi, don a zaman da ya wuce sai da masu shara suka fara leƙowa sannan ya zauna.

"Baba, in ka wuce awarka, tawa za ka ci."

Ya ɗago ya dube ta, sai a lokacin ya haɗa lokutan biyu a kansa. Ya goge baki, ya ce ba shi ya rufe ɗakin sama ba, ba shi ya hana a ƙaro alƙalai ba, ta je ta tambayi waɗanda suka bar rufi yana yoyo. Ta ce ta san da haka, amma su ba za su tsaya a gaban alƙali ranar Alhamis ba, shi ne zai tsaya. Ta roƙe shi ya taƙaita, ko ma ya amince da abin da hukumar ke nema, tunda ba hana shi za a yi ɗungurungum ba, izini kawai zai riƙa nema.

"Izini," in ji shi. "In nemi izini kafin in ce an cuce ni. Duk shekarun nan ina zuwa, 'yar nan, ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye ni me ke gindin itacen nan. Kullum sai dai na makara, ko na cike takarda ba daidai ba. In suka rufe mini ƙofa yau na yi shiru, gobe ke za su rufe wa."

"Ai ni tuntuni a waje nake, Baba. Kai ne a tsaye a bakin ƙofar."

Ya tashi ya kwashe faranti, har da nata da ba ta gama ba, ya juya mata baya ya buɗe famfo. Ta ɗauki rigar sanyinta ta fita ba sallama.

Kwanakin da suka biyo baya, Yvonne ta yi su ne kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. Ran Litinin a lokacin hutunta ta buga wa ofishin kotu waya, ta jira har shayinta ya huce kafin wata murya mai gajiya ta ɗauka. Matar ta ce ba za ta yi magana a kan ƙarar wani ba, amma in zaman safe ya ja, duk abin da bai samu shiga ba sai an sake sa masa rana, kuma ranakun da ke gaba sun cika har cikin shekara mai zuwa. Yvonne ta koma bas tana lissafin shekarun Tilda. Ta wuce wata tashar ba ta tsaya ba, sai da wata tsohuwa ta yi ta danna ƙararrawa tana mita. Tunani iri-iri suka riƙa zo mata, waɗansu ma kunyarsu take ji. Ta yi tunanin ta ce masa an buga waya an canja ranar. Ta yi tunanin ta shiga gidan da makullinta ta kwashe fayil ɗin. Da ta ji wani fasinja yana tari, sai ta tsinci kanta tana fatan mura ta kama uban nata, ba mai tsanani ba, wadda za ta kwantar da shi yini ɗaya kawai. Ta riƙe sitiyari gam.

Akwai kuma wani tsoron a ƙarƙashin wannan. Ita har yanzu sunan Duncan take amfani da shi, ba kowa a kotun ya san 'yar Wilf Fearon ce ba. In aka gane fa? Matar da ta taɓa kwanciya a asibiti saboda damuwa, ga uba wanda kotu ke shirin ɗaure wa hannu saboda yawan ƙara. Ta san yadda lauya zai jera waɗannan biyun gefe da gefe, ya yi shiru, ya bar alƙali ya haɗa da kansa.

Ran Alhamis ta isa da wuri. An yi ruwa, zauren jira yana warin jiƙaƙƙun riguna, kujerun roba duk sun cika. Ta samu wuri a lungu, tsakanin wani mutum mai sanduna biyu da wasu miji da mata matasa da mai gidan haya ke neman kora. Ba a jima ba Wilf ya shigo cikin kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, yana jan keken cefanen Doreen cike da fayil. Pauline, mai kiran ƙara, wadda ta san shi kamar ɗan gida, ta tare shi sanye da baƙar rigarta ta aiki tana tambaya ko yau ƙaura ya yi gaba ɗaya. Ya ce ai gado kawai yake jira su sa masa, shayinsu dai ba zai sha ba ko kyauta ne. Ya hango Yvonne, ita ma ta gan shi, ta sunkuyar da kai. Ya wuce bai tsaya ba.

Mai sandunan ya bi shi da kallo, ya yi tsaki. Ya ce wa Yvonne tsohon nan ne kuma, yau sun kaɗe. Shi tun da wani inji ya murƙushe masa ƙafa yake jiran a ji maganarsa, wancan karon ma wannan tsohon ne ya cinye yinin, a kan wani lambun kabeji. Ya ce irin waɗannan ya kamata a riƙa tare su tun daga bakin titi. Matashiyar da ke gefe ta ce ai kowa da abin da ya dame shi, mijinta ya ce abin da ya dame su su shi ne inda za su kwana mako mai zuwa. Yvonne ta rasa wa take jin haushi, mai sandunan ko ubanta ko kanta da ta kasa cewa mahaifinta ne.

Aka kira Wilf a kan lokaci. Sha ɗaya ta yi, ƙofa ba ta buɗe ba. Duncan ya iso da lauyarsa, ya yi ƙiba, ya bar gemu. Ya gaishe ta da kai, ya dubi allon da aka manna jerin ƙararrakin ranar, ya ɗan murmusa.

"Na ga tsohon surukina ne a ciki. Ashe abin a jini yake."

Lauyar ta taɓa hannunsa, suka koma can gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Sha biyu ta yi, ta gota. Pauline ta fito ta koma, ta sake fitowa, duk wanda ya tare ta sai ta ɗaga kafaɗa. Yvonne ta kasa zama. Shari'ar ubanta ba ta iyali ba ce, kowa na iya shiga ya saurara, don haka ta tura ƙofar a hankali ta zauna a bencin baya.

Mai shari'a Routledge mace ce mai furfura, da tabarau a kan hanci da mura a murya. Lauyan hukumar ya daɗe da gama nasa, yana zaune ya tallafe haɓa. Wilf na tsaye ya buɗe fayil na biyu, yana bin ranaku ɗaya bayan ɗaya, wane ya rubuta wa wane, wace takarda ce aka buga wa hatimi a makare. Yvonne ta ga bayan wuyansa ya yi ja. Ba ta taɓa shiga ta gan shi a nan ba. A gida in yana ba da labari sai ka ɗauka zaki ne a gaban alƙalai. A nan kuwa tsoho ne kawai wanda kwat ta yi wa yawa.

Alƙaliyar ta dakatar da shi. Ta ce duk wannan ta karanta a gida ran Asabar da Lahadi, babu shafin da ta tsallake. Ta cire tabarau ta tambaye shi me yake so a ji wanda yake ganin ba a taɓa ji ba. Wilf ya tsaya sororo, kamar tambayar ta zo masa ta inda bai shirya ba. Sannan ya ajiye takardar ya faɗi maganar itacen, da Doreen, da safiyar da ya zo ya tarar katafila ta tumɓuke shi, ba wanda ya sanar da shi don ya ɗebi ko ƙasar wurin. Bai yi minti biyar ba ya gama. Har lauyan hukumar ya sauke hannu daga haɓarsa.

"Na ji, Mista Fearon," in ji ta. "Kuma na yarda an yi maka rashin kyautawa. Amma ba ni da ikon mayar maka da wurin, kuma babu alƙalin da ke da wannan ikon yanzu, ko sau nawa ka dawo."

Yvonne ta ɗauka shi ke nan. Sai ta ga ya sunkuya ya jawo fayil na uku daga keken, wanda ya fi sauran kauri. Ya ce yanzu zai shiga maganar magatakarda. Ta dubi agogon bango, ɗaya saura kwata. Ta ji kamar ta miƙe ta ƙwala masa kira, amma ta daure ta ci gaba da zama.

Alƙaliyar ta yi tari, ta kurɓi ruwa. Ta ce ba ta taɓa son rufe wa mutum baki ba, kuma doka ba ta yarda a hana kowa zuwa kotu haka kawai ba, shi ya sa ta bar shi ya ninka lokacinsa. In ya ce sai ya karanta na ukun, za ta zauna ta ji.

"Amma ka sani, ni kaɗai ce a ginin nan yau. Duk awar da na ba ka, daga hannun wani na karɓe ta. A waje akwai mutumin da ba ya iya tsayuwa, akwai waɗanda ba su san inda za su kwana ba, akwai uwar da ta daɗe ba ta ga ɗiyarta ba. Su ma ƙofar nan tasu ce, kamar yadda take taka."

Wilf ya ɗora tafin hannunsa a kan fayil ɗin. Bai waiwaya ba, kuma Yvonne ba ta san ko ya ji shigowarta ba. Sannan ya tambaya, uwar nan, har yanzu za ta samu shiga yau? Alƙaliyar ta ce ba za ta tattauna ƙarar wani da shi ba. Ya gyaɗa kai, ya mayar da fayil ɗin cikin keke ba tare da ya buɗe ba.

"Ban gama ba, ranki ya daɗe. A rubuta cewa ban gama ba."

"An rubuta."

Ya zauna. Alƙaliyar ta ba da umarnin da hukumar ta nema, na shekara biyu: duk abin da zai kawo a kan filin, sai ya fara rubuto wa kotu ya nemi izini, kuma ita da kanta za ta karanta. Ya tambaya cikin kwana nawa za a riƙa ba shi amsa. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin da ba za ta iya cikawa ba. Yvonne ta sulale ta fita kafin ya juyo.

Bayan ɗan hutun rana aka fara da matasan nan, don tasu ta fi gaggawa. Mai sandunan kuwa Pauline ta durƙusa a gabansa ta ba shi haƙuri, ta ce za a aiko masa da wata rana. Bai yi faɗa ba. Ya tattara sandunansa ya tafi a hankali, Yvonne ta kasa kallonsa. Kowane buɗe ƙofa sai ta zabura, tana jiran a zo a durƙusa a gabanta ita ma. Sai wajen ƙarfe huɗu aka kira Nattrass da Nattrass.

Ko gama zama ba su yi ba lauyar Duncan ta miƙe ta nemi a ɗage. Ta ce rahoton da kotu ta umarci jami'ar kula da yara ta rubuta bai iso ba. Jami'ar ta bar aiki tun bazara, kuma har yanzu ba a miƙa wa wata ba, don su ma can layi ne. Ba rahoto, ba yadda za a yanke hukunci a kan inda yarinya za ta zauna. Alƙaliyar ta duba, ta tabbatar haka ne. Ta buɗe kalandar kotu a kwamfuta ta yi ta gangarawa, ta ce yini cikakke na farko da take da shi sai bayan bikin Ista na Kirista, cikin shekara mai zuwa.

Yvonne ta jingina da kujera. Ashe ko da ubanta bai buɗe baki ba yau, ko da bai zo ba sam, haka za a yi. Ta tuna maganar da ta yaɓa masa a kicin, da murar da ta yi masa fata. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Alƙaliyar ta ce ta zauna, za a rubuta mata komai. Ta ƙi zama. Ta ce ita ba ta san doka ba, ba ta da fayil ko ɗaya, amma bayan Ista 'yarta za ta cika sha biyu, kuma ba ta san ko tsayinta ya kai kafaɗarta yanzu ba, ba ta san muryarta ba.

"Ɗazu kin ce wa wani mutum ba kya rufe wa kowa baki, ranki ya daɗe. Ni ba awa biyu nake nema ba. Ki ba ni wani abu in tafi da shi yau, ko yaya yake."

Lauyar ta miƙe da sauri, ta ce ya kamata kotu ta sani, mutumin da ake magana mahaifin mai ƙara ne, kuma wanda take wakilta yana da damuwa a kan irin gidan da yarinyar za ta riƙa shiga. Yvonne ta runtse ido. Abin da ta yi kwanaki tana tsoro ya zo. Alƙaliyar ta dube ta ta saman tabarau, sannan ta ce wa lauyar wannan ba ya cikin abin da ke gabanta, kuma ba a gadon ƙara. Ta juya ga Duncan ta tambaye shi da bakinsa, wace cuta ce za ta samu yarinya in ta yi magana da uwarta a waya? Ya fara maganar asibiti. Alƙaliyar ta ce takardar likita da ke nuna Yvonne ta warke na gabanta, ta shekara guda da ta wuce, kuma ba ta ga wadda ta saɓa mata ba. Ya dubi lauyarsa, ya sunkuyar da kai.

Umarnin gajere ne. Kowace Lahadi ƙarfe biyar na yamma Yvonne za ta kira, Duncan zai tabbatar Tilda na kusa da waya, daga wannan Lahadin. Za kuma a nema musu gurbi a cibiyar da iyaye ke ganawa da 'ya'yansu a gaban ma'aikata, ko da yake alƙaliyar ta faɗa mata gaskiya, can ma akwai jira. Sauran magana sai bayan Ista. Duka zaman bai kai rabin awa ba.

Ta tarar da Wilf a rumfar jiran bas, keken a tsakanin ƙafafunsa, ruwa na ɗiga daga bakin rufin. Bas nawa suka wuce bai hau ba, ba ta tambaya ba. Ta zauna kusa da shi ta gaya masa yadda aka yi, har maganar rahoton, don ba ta iya ɓoye masa ba. Ya saurara yana kallon titi.

"Wato ko na zauna ko ban zauna ba, ɗaya ne."

"Da ba ka zauna ba, da ban shiga ba sam. Da ba wayar."

"To, da na sani da na karanta musu ko rabin na ukun," ya ce, ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Can ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, yanzu shi me zai riƙa yi da safiya. Ta karɓi keken ta ja masa har cikin bas.

Ran Lahadi tun ƙarfe uku ta kasa yin komai. Ta caja wayar duk da a cike take, ta zauna a gefen gado, ta tashi, ta koma kujera. Ta shirya tambayoyi a ranta, ta watsar da su don kada abin ya zama kamar tuhuma. In bai ɗauka ba fa? Sai ta koma kotu ta ce ya saɓa umarni, a sa mata wata ranar a ƙarshen layi. Biyar na cika ta danna. Wayar ta yi ta ƙara har Yvonne ta fara fid da rai, sannan Duncan ya ɗauka, ya ce ga ta, ba gaisuwa.

Muryar da ta ce "Mama?" ta fi wadda ta sani kauri, kuma a ɗarare take, irin ta yaron da aka ce ya gaida baƙo. Yvonne ta tambayi makaranta, aka ce lafiya. Ta tambayi iyo, Tilda ta ce ai ta daina tuntuni, ƙwallon raga take yi yanzu. Yvonne na jin talabijin a can bayan, da kukan jariri wanda ba wanda ya gaya mata an haifa. Ta tambayi sunan jaririn. Nan yarinyar ta ɗan sake, ta ce namiji ne, ba ya barin kowa barci, ran nan ma ya yi mata amai a kan rigar makaranta. Har ta yi 'yar dariya, ta katse ta da sauri kamar ta tuna ana jin ta.

Ba su daɗe ba aka kira Tilda cin abinci. Kafin ta ajiye ta ce Lahadi mai zuwa suna da wasa a wani gari, ba za su dawo kafin biyar ba.

"Ki kira da shida. Zan gaya wa Baba."

Yvonne ta ce to. Layin ya yanke. Ta zauna riƙe da wayar, tana tunanin umarnin kotu biyar ya ce, ba shida ba, ko Duncan zai yarda, ko zai ce ita ta fara saɓawa. Ta daɗe tana juya abin a ranta, sannan ta rubuta masa saƙo gajere, ta goge, ta sake rubutawa, ta tura. Ta ajiye wayar a kan tebur inda za ta ga hasken in amsa ta shigo.